Na Ɗora Wa Zuma Kayan Da Ba Nata Ba

Labarina na fara ji a bakin wani mutum da bai taɓa ganina ba. Muna zaune kan benci ɗaya muna jiran layi ya zo kanmu, hira ta yi hira, sai ya ɗauko zancen wani malamin makaranta mai kiwon zuma da ciwon daji ya kama a maƙogwaro. Wai likitoci sun yi iya yinsu sun sallame shi ya je gida ya jira ta Allah, shi kuwa ya rungumi zumarsa safe da yamma, kafin shekara ta zagayo ciwon ya narke kamar kitse a wuta. Yana faɗa yana rantsuwa, har da cewa wani ɗan'uwansa ya san gidan. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce masa da wannan disasshiyar muryar tawa, "Bawan Allah, ni ne malamin, kuma ba haka aka yi ba." Ya dube ni sama da ƙasa. Da alama labarin ya fi masa daɗi a kan mai labarin, don bai sake tanka mini ba har aka kira shi.

Tun daga ranar abin yake cina. Wannan ƙaryar tana iya kai wani kabari da sunana, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda aka yi da bakina, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba.

Shekara 31 na yi ina koyarwa. Kiwon zuma da amya biyu na fara shi don rage zaman banza a ranakun hutu, wasa-wasa suka haura 40. Wanda bai taɓa buɗe amya da sassafe ya ga saƙa ta cika an rufe ta da farin kaki ba, da wuya ya gane irin son da nake yi wa zuma. Ruwan furen da ƙudan ke ɗebowa yawancinsa ruwa ne zalla. Su za su yi ta juya shi a bakinsu, su yi ta yi masa fifita da fukafukansu dare da rana, sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 sannan su toshe ramin. Ƙuda ɗaya duk tsawon rayuwarsa abin da yake tarawa bai wuce kashi ɗaya cikin 12 na ƙaramin cokali ba. Na ga zuma ta busar da ƙuna a hannun yaro, na ga ta kwantar da tarin da ya hana gida barci. Ga kuma aya ta 69 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Duk wanda ya zo saye, kafin in miƙa masa kwalba sai na ce, "Ga maganin komai." Da zuciya ɗaya nake faɗa, ban ɗauke shi tallan ɗan kasuwa ba.

Akwai kuma abin da ba na faɗa wa kowa: na sha taba shekara 22 kafin in daina. Da na yi shekara goma ban taɓa ta ba sai na ɗauka mun yi hannun riga, babu sauran bashi tsakaninmu.

Ina da shekara 58 muryata ta dishe. Wane malamin makaranta ne muryarsa ba ta dishewa? Ƙurar alli, ihu a aji, sanyin asuba. Na dama zuma a ruwan ɗumi na sha, nan take na ji maƙogwaron ya yi laushi, ƙaiƙayin ya kwanta. A nan tarkon yake, domin ba ƙarya jikina ya yi mini ba, zuma tana lulluɓe maƙoshi ta rage raɗaɗi da gaske. Sai dai sauƙin awa biyu ne ko uku, muryar kuma ba ta dawo ba. Mako uku ya wuce, wata biyu ya wuce. Yanzu na san cewa muryar da ta dishe ta haura mako uku, musamman ga wanda ya taɓa shan taba, ba a zama da ita a gida. A lokacin kuwa kullum cewa nake gobe za ta washe.

Maiɗakina ce ta fara magana. "Malam, wannan murya taka ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ko karatunka na asuba ba na ji daga ɗaki yanzu." Na ce mata gajiya ce. A wata na huɗu kunnena na hagu ya fara yi mini suka in na haɗiyi abu, sannan wata rana ina aske gemu yatsana ya ci karo da wani ɗan ƙullutu a gefen wuya. Na ce kaluluwa ce. Amma kaluluwar da na sani tana ciwo, ta yi kwana biyu ta sace. Wannan ba ta ciwo, ga tauri kamar tsakuwa.

Na je asibiti, kada a ce ban je ba. Likitan ya lalubi wuyana ya daɗe bai ce komai ba, ya tambaye ni taba, na amsa da ƙyar. Ya rubuta mini takarda zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya ce a leƙa ciki da na'ura, mai yiwuwa a yanko ɗan nama a gwada. Na ce a gwada me? Ya ce yana so a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Cikina ya ɗuri ruwa. Na ninke takardar na sa a aljihu, daga nan ta koma ƙarƙashin tarin littattafai. Na sha jin ana cewa ciwon daji in aka taɓa shi da ƙarfe sai ya fusata ya bazu, sai na riƙe wannan ta zama hujjata. Gaskiyar magana tsoro ne kawai.

Yayana kaɗai na gaya wa. Shi kuwa saboda ƙauna ya shiga turo mini saƙonni ta WhatsApp: masana a Maleshiya sun gano zuma tana kashe ƙwayoyin sankarar mama, masana a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun gano zumar manuka tana hana ƙari girma. "Kai da kake da maganin a bayan gida," in ji shi, "me zai kai ka a yanka maka wuya?" Abin da kunnena ke son ji ke nan. Na tsara wa kaina ƙa'ida kamar mai haƙuri a gadon asibiti: cokali uku da asuba kafin in ci komai, uku da rana, uku kafin barci, in shafa a wuyan in ɗaure da ƙyalle. Na haɗa da danƙon nan da ƙudan ke toshe ɓarakar amya da shi. Har manuka ɗin ta Niyu Zilan na sa aka nemo mini, ni da ke sayar da zuma na koma mai saye.

Akwai wani abu da na yi wanda har yau in na tuna sai kunyar kaina ta kama ni. Kowace Juma'a da dare in kowa ya kwanta, sai in tsaya gaban madubi da wani farin zare, in auna faɗin ƙullutun in ƙulla alama. Zaren ɗaya ne, a cikin littafin makin ɗalibai nake ɓoye shi. Ƙullin farko yana kusa da bakin zaren. Na biyu ya ɗan matsa, na ce hannuna ne ya goce. Na uku ya ƙara matsawa. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara karanta ma'auni, na tsaya ina kallon ƙulli bayan ƙulli suna tafiya gaba, ina gaya wa kaina ai ciwo in zai fita sai ya fara kumbura. Wata biyar na yi a haka.

'Yata ta fari, wadda ta karanci haɗa magunguna, ita ta kama ni. Ta zo hutu, tana taya ni tattara maki, zaren ya faɗo. Ta ɗaga shi ta ƙirga ƙullin, ta dubi wuyana, na ga idonta ya kawo ruwa. Ba ta yi mini faɗa ba, ai ba ta isa ba, cewa ta yi, "Baba, nuna mini abin da ka karanta." Na miƙa mata waya da ƙarfin gwiwa, ina ganin yau zan rufe bakin 'yar boko da binciken 'yan boko.

Mun kai tsakar dare a kan tabarma, tana buɗe asalin binciken ɗaya bayan ɗaya tana fassara mini. Babu wanda ta ce ƙarya ne, abin da ya karya ni ke nan. Na Maleshiya gaskiya ne, a 2011 masu bincike a wata jami'ar kimiyya ta ƙasar sun yi aiki da zumar tualang, wadda manyan ƙudan daji ke yi a saman dogayen bishiyoyi. Amma ba mace ko ɗaya suka ba ta sha ba. Ƙwayoyin sankara ne da ake rainonsu a ɗan faranti a ɗakin gwaji, aka zuba musu zuma kai tsaye, aka ga suna mutuwa. Na Daular Larabawa na 2013 shi ma gaskiya ne, sai dai ɓeraye ne masu sankarar fata, kuma ta jijiya aka yi musu allurar zumar, sakamakon da ya fi kyau ma sai da aka haɗa da maganin asibiti aka same shi.

"Baba," ta ce, "ko gishiri na zuba da yawa a farantin nan ƙwayoyin za su mutu. Kashe su a faranti ba wuya. Wuyar ita ce a kashe su a jikin mutum a bar mutumin da rai." Ta tambaye ni me ke cikin zuma, na ce ai wannan fagena ne: kusan kashi 80 cikin 100 sukari, sauran yawanci ruwa. Ta ce to sinadaran furen da masana ke sa wa rai suna cikin ɗan abin da ya rage, ba su kai cikin cokali ba a kwalba guda. In na haɗiye ta, hanji ya narkar da ita, hanta ta sarrafa abin da ya shiga jini, me ya rage da zai isa maƙogwaro ya yi yaƙi da ƙari? Ƙarfin zuma a kan miki daban ne, can tana zaune a kan wurin ne da kaurinta, tana tsotse ruwan ƙwayoyin cuta, ga tsaminta, ga ɗan sinadarin nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi wanda take fitarwa a hankali. Shi ya sa tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da bandejin zuma don raunuka. Ƙari kuwa naman jikinka ne ya yi tawaye, yana can ciki.

Na ce ku dai 'yan asibiti kun raina abin da Allah Ya fitar daga ƙasa. Ta ce wa ya raina? Paklitaksel, ɗaya daga manyan magungunan sankara, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka samo shi. A 1962 aka ɗebo ɓawon, sai 1992 aka amince a ba mutane, shekara 30 ana tacewa ana gwadawa. Binkiristin da ke ceton yara masu sankarar jini daga wani ɗan fure na Madagaska yake. Ba wanda ya ce wa maras lafiya ya je ya tauna ɓawon ko ya dafa furen. Daga ƙarshe ta nuna mini wanda ba ya cikin saƙonnin Yaya: binciken Jami'ar Yale da ya fito a 2018, inda aka bi mutum 281 da suka ƙi maganin asibiti suka tsaya kan wasu hanyoyin kaɗai. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka karɓi maganin asibiti sau biyu da rabi. Ga mata masu sankarar mama ya haura sau biyar.

Sauran kibiya ɗaya a kwarina, ayar. Washegari na je wurin wani tsohon abokina da ya fi ni nisa a tafsiri, ina neman wanda zai tsaya mini. Ya saurare ni har na gama, ya jawo Ibn Kasir ya buɗe. Ya ce, "Malam, dubi lafazin. Shifa'un aka ce, ba a ce asshifa'u ba." Ya karanta mini inda aka kawo cewa da an zo da kalmar da alif da lam da ta zama maganin kowace cuta, amma ba a zo da ita haka ba. Akwai waraka a cikinta, wannan babu shakka, ba a dai ce duk waraka a cikinta take ba. Ya tuna mini hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Sannan ya rufe littafin ya ce, "Kai ba ayar ka riƙe ba, tsoron wuƙa ka riƙe ka sa masa rawani." Na yi dariya, dariyar da ba ta da sauti.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da muka je, likitar ta tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce wata tara, na kuma gaya mata abin da na yi da watannin. Ta fesa mini wani magani a hanci, ta zura siririyar igiya mai fitila, ta juyo mini da allon. Na ga tantanin muryata guda biyu. Na dama fari sumul yana motsi. Na hagu ya yi kama da saƙar da tsutsar kaki ta shiga, ya yi burɗin-burɗin, da ƙyar yake motsawa. Duk mai kiwon zuma ya san wannan kallon, ka buɗe amyar da ka daɗe ba ka leƙa ba ka tarar ɓarna ta riga ka. Aka yanko naman, bayan kwana goma sakamako ya fito, aka yi hoton wuya da ƙirji. Mataki na uku.

Na tambaye ta da na zo tun lokacin da muryar ta fara dishewa fa? Ta ɗan yi jim, ta ce, "Baba, tunda ka tambaya zan faɗa maka. Irin wannan in yana kan tantanin murya kaɗai, gashi kawai ake yi, wato a haska wa wurin wani haske mai ƙarfi da inji ya kashe ƙwayoyin ciwon, kuma kusan tara cikin goma suna rabuwa da shi da muryarsu. Yanzu ya sauka wuya, sai mun haɗa gashi da kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, in bai ji ba sai a cire akwatin muryar gaba ɗaya ka riƙa numfashi ta ƙofa a wuya." 'Yata ta riƙe hannuna. Ni kuwa zaren nan kawai nake gani.

Kafin a fara sai da likitan haƙori ya cire mini haƙora biyu da suka lalace, domin bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya son a taɓa shi. Sannan aka yi mini abin rufe fuska. Wata raga ce ta roba, a tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, a shimfiɗa maka a fuska da wuya da kafaɗu, ta bushe da siffarka. Kullum da ita za a ɗaure ka a kan gadon injin don kada ka motsa ko da faɗin gashin kai. Zama 35, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai. Ga ƙarin ruwan sisfilatin, maganin kemo ɗin ke nan, sau uku, mako uku-uku a tsakani. Gashin kansa ba ka jin komai, minti kaɗan ne injin ya zagaya kanka yana ƙara. Makon farko har na ce ashe abin da nake gudu ke nan?

A mako na uku ido ya raina fata. Bakina da maƙogwarona suka saluɓe, gyambo fari-fari tun daga gefen harshe har inda ba na gani. Ruwa ma in na haɗiya kamar garwashi. Yawu ya koma kamar danƙo. Na fara zubewa, wandunana suka daina zama. A lokacin na yi watanni biyu ban kalli zuma ba, haushinta nake ji kamar ita ta yaudare ni, har na sa aka kwashe kwalaben daga ɗakina.

Sai ga likitar nan da bakinta tana tambayata, "Baba, ba kai ne mai zuma ba? Yanzu ne lokacinta." Na ɗauka zolayata take yi. Ta ce a'a, wannan kam a kan mutane aka gwada. A 2003 a Maleshiya an raba masu gashin kai da wuya su 40 gida biyu, aka riƙa ba rabi zuma mililita 20 minti 15 kafin gashi, minti 15 bayansa, da kuma bayan awa shida. Waɗanda suka yi mummunan gyambon baki a cikinsu kashi 20 cikin 100 ne, a ɗaya rabin kuwa kashi 75. Wasu gwaje-gwajen suka biyo baya, har a 2020 ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai kula da wahalhalun jinyar sankara ta sa zuma cikin abin da take ba da shawara a kai ga masu irin jinyata. Amma ta kafa mini sharuɗɗa. A riƙa auna sukarin jinina. In wanke baki sosai bayan kowane sha, don bakin da ba yawu in ya haɗu da zaƙi haƙora ne ke biyan bashin. Kada in taɓa manuka, domin da aka gwada ta a Ingila da Kanada ba a ga amfaninta ba, kuma da yawa sun kasa jure zafinta. Na ƙarshe shi ya fi yi mini ciwo: tunda kemo ya karya garkuwar jikina, ba ɗanyar zumar amyata ba, sai wadda aka tace aka dafa a masana'anta. Mai amya 40 ya koma shan zumar kanti.

Maiɗakina ta karɓi aikin. Da agogo take zama a ƙofar ɗakin gashi, kwalba da cokali a jaka. In saura kwata a kira ni sai ta ce, "Malam, buɗe." In riƙe zumar a baki, in juya ta a hankali ta taɓa ko'ina, sannan in bar ta ta gangara da kanta. Farkon taɓawa akwai zafi, har hawaye ke fito mini, daga nan sai wani laushi ya biyo baya, kamar an shimfiɗa mayafi a kan wurin. A wannan ɗan tsakanin take samu ta ɗura mini abin da zan iya haɗiya. Abin da ban gaya mata ba sai daga baya shi ne ba na jin zaƙin ko kaɗan. Gashin ya kashe mini ɗanɗano. Ni da nake lasar zuma in faɗa maka furen da ƙudan suka ci, sai ga shi a bakina ba ta da maraba da man inji.

Kada in ƙara gishiri. Zumar ba ta hana ni shan ruwan mofin mai kashe zafin ciwo ba, ba ta hana ni zubar da kilo 11 ba. Akwai wanda muke layi tare bai sha ba kuma bakinsa ya fi nawa sauƙi, akwai wanda ya sha duk da haka sai da aka sa masa robar abinci ta hanci. Abin da zan iya shaida a kai shi ne ta sa haɗiya ta yiwu a ranakun da na fid da rai da haɗiya, kuma ban tsallake zama ko ɗaya ba cikin 35 ɗin nan. Likitar ta sha nanata mana cewa kowane zaman da aka ɗage dama ce aka ba ciwon ya farfaɗo.

A layin nan ne ma wata mata da ke jinyar mijinta ta ga cokalin ta riƙe baki, wai ba mu san sukari ne abincin sankara ba? Ita ta hana nata mijin duk wani abu mai zaƙi, ga shi kamar a hure shi ya faɗi. Na kai maganar gaban likita. Ta ce asalin zancen gaskiya ne, tun wajen 1924 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari fiye da sauran, har akwai hoton da ake yi da sukari mai alama don a ga inda suka taru. Amma ko ka daina shan zaƙi jiki zai ƙera nasa sukarin daga abinci, in babu ya ƙera daga naman jikinka. Maras lafiyar ne zai rame, ƙarin ya ci gaba da cin rabonsa. Na yi mamakin yadda ni da matar nan muka ɗauki gutsuren gaskiya ɗaya-ɗaya, kowa ya nufi nasa ramin da shi.

Wata uku bayan zama na ƙarshe aka sake hoto, aka sake zura igiyar. Babu komai. Maiɗakina ta yi sujada a nan tsakar ofishin. Har yanzu ina komawa a duba ni, sai na cika shekara biyar kafin a sassauta. Akwatin muryata yana nan, amma muryar ba ta dawo yadda take ba, ba ta kai bayan aji, dole na ajiye alli kafin lokacina. Bakina a bushe yake, ba na fita sai da gorar ruwa. Sisfilatin ya bar mini wani zuuu a kunne dare da rana, jikokina suna cewa ƙudan Kaka ne suka bi shi gida. Ɗanɗano ya dawo a hankali, sai da na kusa shekara kafin wata safiya in lashi yatsa a bakin amya in ji zaƙi. Na zauna a ƙasa a wurin na daɗe.

Masu cewa zuma ce ta warkar da ni, in na musa, sai su koma cewa to wata tara ɗin farko ba ta gaske na sha ba. Jabu kam tana nan da yawa, a 2023 Tarayyar Turai ta fitar da rahoton gwajin samfur 320 na zumar da ake shigar mata, kashi 46 cikin 100 aka yi zargin an haɗa su da ruwan sukari. Amma tawa da hannuna na yanko ta na matse. In akwai wanda ya ba zuma cikakkiyar dama ta nuna abin da za ta iya da ƙari, ni ne, kuma zaren yana nan ban yar ba.

A 2024 Yaya ya sake turo saƙo, ya rubuta a ƙasa, "Ba na faɗa maka ba?" Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ce ta ba da rahoton cewa manuka ta rage girman ƙarin sankarar mama da kashi 84 cikin 100. Wannan karon ban jira 'yata ba, na nemi wurin da aka faɗi a kan wa aka gwada. Ɓeraye. Masu binciken da kansu sun ce sai an ƙara aiki. Na ji daɗin labarin har zuciyata, in wata rana aka tace wani abu daga zuma ya zama allurar da za ta ceci mutane, babu wanda zai kai ni murna. Na rubuta wa Yaya cewa Allah Ya ba ɓerayen lafiya, ya turo dariya, bai dai ce ya yarda ba. 'Yata kuma ta taɓa nuna mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Akwai wata takardar likitancin Masar ta dā, ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, cike take da umarnin a sa zuma a kan raunuka. Da marubucin ya iso kan ƙullutu masu tauri a ƙirji, sai ya rubuta cewa wannan babu magani. Zumar tana gabansa, ya san aikinta sarai, bai rubuta ta a nan ba.

Watan jiya wani saurayi ya yi sallama da yamma ina gyaran abin hayaƙi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce daga nesa yake, an ce masa a nan ake samun zumar da ta warkar da mai ciwon daji. Mahaifiyarsa ce ke da ƙullutu a mama wata huɗu, ta ƙi asibiti. Na ce ya biyo ni. Na shiga da shi ɗakin da nake ajiye kayan aiki, na sauko da ragar nan daga kan ƙusa, har yanzu da siffar fuskata baki a ɗan buɗe, ga layukan da aka zana da alƙalami a gefen wuya. Na miƙa masa ya riƙe. Na zaro zaren daga aljihu na sa ya ƙirga ƙullin da yatsansa, ina gaya masa watan kowanne.

Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Baba, ba za ta ji maganata ba." Na ce ya kira ta ya ba ni. Mun fi rabin awa, ina magana tana cewa in ɗaga murya ba ta ji, ina ce mata iyakarta ke nan, Hajiya, ragowar da jinkiri ya bar mini ce. Da zai tafi na cika masa kwalba ɗaya na ƙi karɓar komai, na ce ta sha don daɗin bakinta in ba ta da ciwon sukari, kada kuma a lasa wa jaririn da bai shekara ba.

Ranar Talatar da ta wuce ya kira. An yanko naman, sun ce a dawo bayan kwana goma. Ya ce tana tambaya ko zan sake yi mata magana a daren da za su koma karɓar sakamako, na ce ya kira bayan isha'i, lokacin muryar ta ɗan huta.